Wanda jarinsa ya karye yana bukatar fiye da "ka yi haƙuri"

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana a madadin mutanen da ba sa iya buɗe baki.

Ni ɗan gwari ne a kasuwar Farin Gada da ke Jos. A watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar Naira ta yi ɓatan dabo, na sauke tumatir da attaruhu. Mai saye ba kuɗi a hannu, taransifa kuma ta ƙi tafiya. Ina ji ina gani ruwan tumatir yana tsiyaya ta gindin kwando, ƙuda na bi. Cikin jarin har da kuɗin sarƙar gwal da maiɗakina ta sayar ta ba ni.

Asarar ba ta ci ni kamar yadda "da na sani" ya ci ni ba. Ƙarfe uku na dare, cikin sanyin nan na Jos, idona biyu ina lissafin da ba ya ƙarewa. Na ƙaurace wa majalisa, sallah ma sai in tafi masallacin wata unguwa don kada in haɗu da idon sani. Kowa sai ya ce "ƙaddara ce, ka yi haƙuri." Gaskiya ne, amma da yawa suna faɗa ne don a rufe zancen.

Tsohon malaminmu na zaure ne ya zaunar da ni. Ya ce, "Ɗana, ka ɗauka kai ne mai riƙe da kasuwa?" Ya janyo hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya, in abu ya same ka kada ka ce "da na yi kaza", domin wannan "da" ɗin tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ya nuna min cewa da himma hadisin ya fara kafin ya zo kan ƙaddara. Sannan ya karanta min hikimar farko ta littafin Hikam na malamin sufaye Ibn Aɗa'illah: raguwar fata idan an yi tuntuɓe alama ce ta dogaro da aikin kai. Ranar na yi kuka a gabansa.

Ƙanena mai karatun falsafa ya ƙara min da zancen Efiktetus, wani da ya taɓa zama bawa a Rum, wanda ya raba al'amura gida biyu: na hannunka da waɗanda ba na hannunka ba. Na ɗauko takarda na raba nawa. Ƙarancin kuɗi a gari ba laifina ba ne. Sauke kaya fiye da ƙarfina, wannan nawa ne, na kuma nemi gafarar maiɗakina a kai.

Roƙona ga limamanmu, su ware huɗuba guda kan wanda jarinsa ya karye, musamman magidancin da kunya ta hana shi fita. Irin waɗannan mutane suna nan a sahun baya, suna ficewa da an sallame.

Na koma kasuwa da kwando biyar. Sarƙar ce har yau ban mayar mata ba, amma na shiga adashe dominta.

Naka mai karatu,
daga Unguwar Rogo, Jos.