Tungarmu ta kusa da Alwasa, wai ba ta cikin kwamfuta

Malam Edita assalamu alaikum, da fatan kana lahiya kai da abokan aikinka.

Abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto maka, satin da ya wuce ɗana ya tai Birnin Kebbi cike fom, anka ce ya faɗi garinsu ya faɗi sunan tungarmu, mai kwamfutar ya duba ya duba ya ce shi kam bai ga wurin ga ba, sai dai a sa mishi Alwasa ko Argungu. Yaro ya dawo gida yana ce min wai Baba mu ba mu da gari ne? Dariya na yi a gabanshi amma wallahi maganar ta kwana a raina.

To ga inda muke. In ka baro Birnin Kebbi ka kama titin Argungu, dab da Alwasa sai ka sauka kwalta ka yi hannun hagu wajen fadama. Da rani ɗan kabu-kabu zai kai ka har ƙofar masallaci, da damina kam sai ka naɗe wando, in ruwa ya yi ruwa sai jirgi. Ba mu da hakimi ba mu da dagaci, mai unguwa ne kawai, ba kasuwa ba asibiti, ran zaɓe ma tattaki muke mu je mu bi layi a rumfar maƙwabta cikin mazaɓar Alwasa/Gotomo. Shinkafa da kamun kifi, su ne sana'ar, shi ke nan.

Ita Alwasa ta samu shiga littafi saboda an yi yaƙi a wurin. A 1805, shekarar da jama'ar Shehu Usmanu sunka ci Birnin Kebbi Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, Shehu kuma ya baro Sabon Gari ta ƙasar Zamfara ya zauna Gwandu, a ƙarshen shekarar nan Gobirawa da Kabawa da Azbinawa sunka haɗa kai anka gwabza a Alwasa, mutanen Shehu sunka yi asarar rayuka masu yawa sunka ja da baya zuwa Gwandu, can kuma sunka tsaya sunka kore rundunar. Shekara uku bayan haka, 1808, Alƙalawa ta faɗi. In ka zauna da tsohon Bakabe zai ba ka labarin da wata murya, in ka je Gwandu ka ji shi da wata, ni kuma ina ganin duka biyun a rubuta su yadda kowa ya faɗa, ai tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu anka yi mishi bikin kamun kifi an wuce wurin faɗa.

Amma mu da ba a yi yaƙi a bakin ƙofarmu ba fa? Tarihinmu duk yana cikin kan tsofaffi. Abin da na ji ga kakata, kakan kakanmu Basarke ne mai jirgi, yakan zo nan da rani ya kafa bukka ya yi su ya banda kifi ya koma, wata shekara bai koma ba, ƙanenshi ya biyo shi, daga baya wasu manoma sunka zo sunka roƙi gefe. Ai ma'anar tunga ke nan, zaman wucin gadi da ya zarce. Kuma inda muke yanzu ba nan ne mazaunin farko ba, ruwan 2010 shi ya tashe mu daga bakin gulbi munka hau tudu, na 2020 ya zo ya ƙarasa sauran gine-ginen da shinkafar shekarar gaba ɗaya. Tsohon wurin yanzu tsamiya guda ce da maƙabarta, yaran da anka haifa bayan nan sun ɗauka gona ce kawai. Ko taswira ta tashi sa mu, wanne daga cikin biyun za ta sa?

Bara tsohuwar da ta fi kowa sanin wa ya haifi wa ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba wanda ya ɗauki muryarta, har da ni da nake da waya a aljihu kullum ina cewa sai gobe. Laifin nan kam nawa ne.

Roƙona Malam Edita, ku ware ɗan fili ko rabin shafi ne kuna kawo ƙauye guda duk mako, inda yake, wa ya sare shi, me ya sa anka sa mishi sunan. Jihar Kebbi tun 1991 take, tarihin sarakunanta kowa na iya zuwa gidan tarihin Kanta a Argungu ya gani, namu ne ba shi da ɗaki. In za ku turo wakili ku fara da mu, ya zo bayan an yanke shinkafa hanya ta bushe, kuma ya yi sammako, don dattijo guda ne ya rage mana kuma da rana ta yi zafi barci yake, sai an ɗaga murya kuma don kunnen ya yi nauyi.

Naku,
Wani ɗan tunga daga ƙasar Argungu, jihar Kebbi