Kafintan da ya gina fadar shugaban Amurka sau biyu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Yaya sanyin Dablin? Mu nan sai godiya.

Alfarma nake nema. In ka samu sarari, ka leƙa titin Kildare ka ɗauko mini hoton Leinster House, inda majalisar dokokin Ireland ke zama, musamman ginshiƙai huɗun nan da ke saman ƙofa. Daga wannan gida mai zanen gine-gine James Hoban ya ɗauko fasalin White House, fadar shugaban Amurka.

Hoban ɗan ƙauye ne daga wajen Callan, a gundumar Kilkenny. Da kafinta ya fara, yana sassaƙa ƙafafun amalanke, kafin ya shiga makarantar zane ta Dublin Society. Daga baya ya haye Amurka, ya zauna a Philadelphia da Charleston. A 1792 aka sa gasar zanen gidan shugaban ƙasa, nasa ya ci, aka aza harsashi a watan Oktoba. Shugaba John Adams ya tare a 1800, ba a ma gama aikin ba. Farin nan da ka sani kuwa, asalinsa farar ƙasa ce da aka shafa don dutsen yana shan ruwa, sanyi na fasa shi.

A 1814 sojojin Birtaniya suka banka wa gidan wuta, sai bangaye baƙi ƙirin suka rage. Aka sake kiran Hoban, yana dab da shekara 60. Da kansa ya sa aka rushe sassan da wuta ta cinye ƙarfinsu, ya sake ɗorawa, har Shugaba James Monroe ya shiga a 1817. Wallahi wannan haƙuri nasa yana burge ni.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Takardun biyan ma'aikata sun nuna bayinsa, Peter da Ben da Daniel da Harry, kafintoci ne a wurin, ladan guminsu kuma aljihunsa yake shiga. Mutumin da ya taso ɗan Katolika a ƙasar da dokokin Ingila suka danne mutanensa, ai ya san ɗacin abin. Ya rasu a 1831, sunansa na cikin littattafai. Su kuwa ko sunan mahaifinsu ba a rubuta ba.

Ka gaida uwargida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka