Kada a bar tashar jirgin Malam Madori ta mutu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu ja hankalin hukuma kan Malam Madori, a masarautar Haɗeja, garin da jirgin ƙasa ya raya. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen Kano zuwa Nguru kuma aka kammala shi a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Da yake bai shiga Haɗeja ba, nan ce ta zama tasharta. Gyaɗa ta jawo kamfanonin Turawa da Kwarori, Yarabawa da Inyamurai suka zo aiki da ciniki, kantuna suka jeru kusa da tasha.

Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan kasuwa. Yau riɗi da zoɓo ne ke ɗauke da manomi, kuma a manyan motoci ake kwashe su, kuɗin dako na cinye ribarsa.

Dogon kuwa ƙarami ne, faɗinsa milimita 1,067, kuma abin da ke kashe shi sananne ne. Yashi na toshe kwalbati, ruwan damina ya rasa hanya ya zaizaye tsakuwar da ke riƙe da shi. Gara na cin katakon shimfiɗa. Mafi ciwo, ɓarayi na kwance notuna su sayar wa 'yan gwangwan. Ƙarfe ya saki, tarago ya goce.

A fara da yashe kwalbatoci kafin watan Yuni, a dawo da leburorin sintiri, kowace ƙungiya da zangonta.

Wassalam.
Wasu mazauna Malam Madori, Jihar Jigawa