Waya da POS sun tona asirin dattijai a karkara

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan in faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya mu da shekaru suka ja a ƙauye, don na lura duk sanda aka fito da wani sabon tsari na banki ko rajista, da 'yan birni da matasa ake yin lissafi, mu ko oho.

Ni koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, ina iya karanta saƙo idan ya shigo, to ina ga ɗan'uwana manomi da ajami kaɗai ya sani, ko gwaggo da ba ta taɓa shiga aji ba? A da mutum ya sai da bijimi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ya kai riɗi Gujungu ranar Lahadi, ya ƙirga kuɗinsa ya cusa a aljihun 'yar ciki, daga shi sai Allah suka san abin da ke ciki. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 da Babban Banki ya sauya ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, mutane suka riƙa karyar da dabbobinsu don kawai su riƙe tsaba, ciniki ya koma taransifa, kuma ko da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsoffin kuɗi a watan Maris ɗin shekarar, abin bai koma yadda yake ba.

Ka zo ranar kasuwa ka tsaya kusa da lemar mai POS ka gani. Dattijo mai furfura zai ciro katinsa daga cikin leda, tare da 'yar takarda da aka rubuta masa lambobin sirri guda huɗu, ya miƙa duka biyun ga yaron da bai girmi jikansa ba, yaron ya danna ya ɗaga murya ya ce Baba saura dubu kaza, duk wanda ke layin ya ji. Wallahi wannan yana min ciwo. Mutumin da ya riƙe gida shekara da shekaru ba a taɓa jin kansa ba, yau kowa ya san abin da ya mallaka, in kuma ba komai a ciki shi ma an sani. Da yawan yaran nan masu amana ne, ban ce a'a ba, amma amana daban dole daban. Ga caji da ake yanka, ga kuma ranar da netwok zai ɗauke a ce an cire kuɗi amma bai fito ba, sai ka biya kuɗin mota zuwa garin da ke da banki ka wuni a layi, a ƙarshe a ce ka dawo bayan kwanakin aiki.

Sai maganar dangwala yatsa. Hannun da ya yi shekara hamsin yana riƙe fartanya duk ya yi kanta, zanen ya shafe, in hunturu ne ma ga faso, sai ka ji ana Baba goge, Baba shafa a goshi, Baba sake dannawa, na'ura ta ƙi. A zaɓen 2023 ai mun ga BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, in yatsa ya ƙi sai ta duba fuska a wuce wurin. Me zai hana ko'ina a yi haka?

Lambar waya lambobi 11 ne a cikinta, BVN ta banki 11, NIN ta katin ɗan ƙasa ma 11, kuma tun Disamban 2020 aka ce sai an haɗa layi da NIN, a 2024 aka toshe layukan mutane da yawa. Mafi yawanmu ba a rubuta ranar haihuwarmu ba, ma'aikaci ya kalle ka ya ƙiyasta, wani ya rubuta Mamman wani Muhammadu, daga baya a ce bayananka ba su zo ɗaya ba, kai za ka biya kuɗin gyara.

Abin da ya fi ba ni takaici, saƙon banki da Turanci yake zuwa, amma ɗan damfara da Hausa tsantsa zai kira ka, da sallama da ranka ya daɗe, ya ce za a rufe maka akawun ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Wa kake ganin tsoho zai saurara?

Roƙona ga bankuna da kamfanonin layi da masu rajista, a turo saƙo da Hausa, har da na murya don wanda ba ya karatu, a ware wa tsofaffi layinsu da ma'aikaci mai haƙuri, kuma a riƙa fitowa ƙauyuka ranar kasuwa ana gyaran suna da layi a nan, tunda lokacin rajistar zaɓe ana iya zuwa har mazaɓu. Hakimai da dagatai da limamai kuma don Allah a riƙa tuna wa jama'a bayan sallar Juma'a cewa banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Daga wani tsohon malamin makaranta, ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.