Injin ban-ruwa ya yi shiru, 'yan ƙwadago sun watse

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan noman rani a jihar Kebbi, domin duk lokacin da aka tashi zancen tattalin arzikinmu, tan-tan na shinkafa ake lissafawa, ba a lissafa hannuwan da ke cin abinci a bayanta.

Ni ɗan fadamar Argungu ne. Tun da Shugaba Buhari ya zo Kebbi a 2015 ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers, noman rani ya zama ma'aikatar da ta fi kowace ɗaukar mutane a wajenmu. Gona guda takan ciyar da mai haƙa rijiya, da masu dashe, da yaran da ke korar tsuntsu, da masu yanka da bugu, da matan da ke sheƙa, har ɗan dakon da zai ɗora buhu a mota. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan Argungu, muka ce kakarmu ta yanke saƙa.

To amma shinkafar rani ba ta san haƙuri ba. Ƙasarmu da zafi, idan ka yi kwana biyu ba ka kunna inji ba, za ka tarar da ita ta yi laushi. Injin kuwa fetur yake sha. Daga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, jarkar da nake ɗauka zuwa gona ta fi ƙarfina. Taki ma ya bi sahu. Da muka daure muka noma, sai ga shinkafar waje an sassauta mata haraji a 2024, farashin shanshera ya faɗi. Na rage gonata zuwa rabi. Samarin da ke yi mini dashe, biyu suna kabu-kabu a Abuja, ɗaya yana tura baro a Legas. Da can bayan kaka ake tafiya ci-rani a dawo da faɗuwar ruwa, yanzu wasu ko sallah ba ta kawo su gida.

Kada a ce su nemi aikin gwamnati, kujera nawa ce a Birnin Kebbi?

Roƙona ga mahukunta shi ne injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, abin da Allah ya hore mana ba da awo ba. A sayar mana bashi, mu biya bayan girbi, ta hannun ƙungiyoyin manoma na gaskiya waɗanda mai unguwa ya san gonakinsu. Wani maƙwabcina ya haɗa kuɗi ya sayi nasa, kuma har yanzu mutum shida ne ke yi masa aiki.

Naka,
Wani manomi daga Argungu, jihar Kebbi