Rahoton kammala gyaran gidan Ightham Mote

A shekarar 2004 aka sauke ƙarafan hawa na ƙarshe daga jikin gidan Ightham Mote, wanda ke gefen ƙauyen Ightham a yankin Kent na ƙasar Ingila. An soma aikin ne tun 1989, ya ci shekara goma sha biyar da kuɗi kimanin fam miliyan 10.

Wajajen 1340 aka kafa tushen gidan, ganuwar ruwa ta kewaye shi ta fuska huɗu. Ruwan nan da ke ƙawata shi, shi ne kuma ya cuce shi. Lokacin da Ba'amurke Charles Henry Robinson ya rasu a 1985 ya bar wa National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, gidan, danshi ya riga ya ratsa bango, ƙwaro ya rarake manyan katakan da ke ɗauke da rufi, ta waje lafiya lau, ciki kuwa gari.

Saboda haka faci bai yiwu ba. Sashe bayan sashe aka bi, a kwance gini, a rubuta yadda magina na dā suka haɗa shi, a sa wa kowane katako lamba, a yanke ruɓaɓɓen wuri kawai a ɗora sabo, sannan a mayar da shi mazauninsa. Tsawon lokacin da aikin ya ɗauka, daga nan ya fito.

Babbar shawarar da ta sha muhawara ita ce: kamannin wane zamani za a mayar wa gidan? An tsaya a kan yadda aka karɓe shi a 1985. A ganin ƙungiyar wannan shi ne daidai, domin kowane mai gida ya bar sawunsa. Ga ƙaramar majami'ar cikin gida mai rufin da aka zana wa furen Tudor, tsohon gidan sarautar Ingila, ga gyare-gyaren iyalin Selby da suka zauna kusan shekara 300, har ɗakin karen da aka gina a tsakar gida a ƙarshen ƙarni na 19 an bar shi, kuma doka ta ba shi kariya ta matakin farko kamar fadar sarki.

Cocin St Peter da ke cikin ƙauyen, inda abubuwan tunawa da iyalin Selby suke, ba ya cikin wannan aikin gyara.