Wasiƙa daga Damagaram zuwa Alƙahira

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da karatu. Mu nan lafiya lau sai zafi. Ka dai san Afrilun garinmu: tun hantsi duwatsun Birni sun ɗau wuta, ma'auni ya haura 40, har bayan isha bangon ɗaki bai huce ba.

Hotunan lambun Azhar da ka turo ta WhatsApp sun iso. Ka ce juji ne na ɗaruruwan shekaru kafin a buɗe shi a 2005, kana tambaya me zai hana a yi irinsa a bakin tafkunanmu. Mutumina, su fa Kogin Nilu na gindinsu. Mu ruwan shanmu daga Arunguza da Gogo da Ganaram ake jawo shi, kuma a wannan wata akwai unguwannin da sai tsakar dare famfo ke kawowa, in ma ya kawo. Matar da ta sayi jarka wurin ɗan garuwa, ka ce mata za a shayar da ciyawa don ado? Ni na cire rai da koriyar ciyawa. Inuwa nake nema mana, bedi da tsamiya da kurna, da benci, da inda yaro zai yi gudu ba tsoron kabu-kabu.

Dashe kuwa ba mu rasa shi ba. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a ƙasar nan, kowace shekara manya su tsuguna da babbar riga, a ɗauki hoto, a watse. Lokacin bikin ranar Jamhuriya da aka yi a garinmu, Zinder Sabuwa, a Disamban 2018 ma an gyara hanyoyi da shataletale, gari ya yi kyau, ban musa ba. Amma itacen da aka dasa a damina, a bazara ake sanin ko zai rayu, kuma a bazara babu mai hoto. Akwai dai akuya.

A layinmu wani dattijo ya dasa bedi a ƙofar gidansa. Ya kewaye shi da tubali, ya ɗora ƙaya a sama, kuma a gindinsa yake alwala sau biyar a rana, ruwan buta ne kaɗai abincinsa. Yau samari sun kafa fada a ƙarƙashinsa, suna dafa shayi, mai gyaran waya ya aje teburinsa a gefe. 'Yan uwansa da aka jera a bakin babbar hanya a daminar da aka dasa shi, ko kututturensu ba ka gani. Bambancin ɗaya ne, wannan yana da mai shi.

Manomanmu sun riga mu gane haka. Ka tuna hanyar Matamaye da Magariya yadda gawo ya cika gonaki? Ba wanda ya kai musu dashe. Toho suka riƙa bari in sun zo sassabe, su rage masa rassa su tsare shi, don sun san nasu ne, ganyensa taki, 'ya'yansa abincin dabba. Mu 'yan birni masu takarda har yanzu muna jiran hukuma ta zo da tankin ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne fili. In an yanka sabuwar unguwa, a kan takarda za ka ga an ware wurin shan iska. Bayan 'yan shekaru ka koma, sai ka tarar da shaguna ko katangar wani. Ko a Yamai, dajin bedin da aka fara kewaye gari da shi a 1965 haka gine-gine suka yi ta cin sa. Tafkunan ma cike su ake yi da shara da baƙar leda don a samu wurin gini, alhali su ne ke riƙe ruwa in sama ta ɓalle. Ruwan 2024 da ya kayar da tsohon masallacin Birni ya isa ya sa mu daina wasa da hanyar ruwa.

Kuma mu faɗi gaskiya, inuwar da ke akwai ta maza ce. Mu muna da fada, muna da majalisa. Maiɗakina in zafi ya kore ta daga ɗaki ba ta da wurin zuwa da yara sai zauren maƙwabta. 'Yan jarabawa su ma da littafi a hannu suke bin gindin itacen mutane.

Mun yi magana da limami da mai unguwa kan filin bayan makarantar allo. Shawarar ita ce kowane gida ya ɗauki itace ɗaya da sunansa, a tara kuɗin wayar shinge da ƙofa, a ware wa mata da yara yammacin Juma'a. Wasu na cewa a sa kuɗin shiga, ni ban yarda ba, wanda ya fi bukatar wurin shi ne marar ko dala. Don Allah ka bincika min nawa ake biya a ƙofar Azhar, da wanda ke biyan masu ban ruwa. In kana da niyyar sa hannu, jika biyar ta isa rabonka na waya, itacenka kuwa ƙanenka ya ce shi zai shayar.

Inna na gaishe ka, ta ce ka daina yi mata alkawarin zuwa da salla. Ka gaida madam da yara.

Naka,
Amininka na Zango